Tambayar Dogo

Ranar wasan ƙarshe na makarantun sakandare, tela ya rufe shago da wuri ya tafi fili, domin ɗansa Dogo ne mai tsaron gida.

Saura minti goma a tashi, Dogo ya yi tsalle zai cafe ƙwallo, kansa ya gwaru da gwiwar wani. Ya zube kamar buhu. Koci ya ɗaga hannu zai canza shi.

"Bar shi!" tela ya daka tsawa daga bakin fili. "Tashi, Dogo! Ni ban haifi raggo ba!"

Yaron ya miƙe yana tangaɗi, fili ya ɗauki tafi. Tela ya riƙa zungurar na kusa da shi yana cewa, "Nawa ne wannan." Kafin a busa usur aka sake buge Dogo a wuri guda, ƙwallo ta shige raga. Aka cinye su.

A gida, Dogo ya ajiye kwano, ya wanke hannu, ya dubi uwarsa.

"Mama, mun ci?"

"Ji min ɗan nema! Kwanon wa na ɗauke yanzu? Ko tsutsa gare ka a ciki?"

Ƙannensa suka kwashe da dariya, har tela ya taya su. Ba a jima ba Dogo ya sake tambaya, uwar ta ƙaro masa abinci. A ta uku ne tela ya lura ba kwanon yake kallo ba, takalman ƙwallonsa ne a bakin ƙofa. Wasan yake tambaya. Bai san an tashi ba.

A asibiti, likita ta ɗaga hoton ƙwaƙwalwa ta daɗe tana dubawa.

"Bugu biyu ne. Da an fitar da shi tun na farko, da sauƙi. Wa ya bar shi ya ci gaba?"

Koci ya sunkuyar da kai.

"Ni ne," in ji tela. 

Ƙwallo dai an yi ban kwana da ita. Jarrabawar fita kuwa saura wata biyu, ga shi in Dogo ya kalli rubutu sai layukan su riƙa rawa.

Sai tela ya ajiye masa kujera a shago, kusa da keken ɗinki. In aiki ya lafa, ya buɗe littafin kimiyyar yaron ya riƙa karanta masa, yana bin layi da yatsa, shi da a aji shida ya tsaya. Yana sane yake karya wasu kalmomin, yana satar kallonsa, ko zai ce, "Haba Baba, ba haka ake faɗa ba."

Dogo yana kallon titi, yana gyaɗa kai. Tela ya lashi yatsa ya juya shafi.