Littafin Baba Direba

"Kai, tsaya! Wa ya ce ka yage?"

Kafin Baba Direba ya rufe baki, tela ya riga ya fizge takardar. Littafin irin na 'yan makaranta ne mai ɗaurin waya a tsakiya, don haka da ya cire ta baya sai 'yar'uwarta ta gaba ta saki, ta sulale ƙarƙashin gado. Tela ya durƙusa yana lalube tsakanin silifa da kwalaben magani, gumi na tsattsafo masa.

"Kuskure uku na yi a layi ɗaya, Baba. Cewa na yi bari in sake shi da tsabta."

"Ga tsabta nan ka yi. Ka tsabtace mini har da watan jiya."

Shekara ashirin suna maƙwabtaka, shagon tela na jikin katangar gidan. Tun da ciwo ya riƙe wa tsohon hannun dama ba ya iya kama biro, ga shi ya saba rubuta layi ɗaya ko biyu a kan abin da ranarsa ta ƙunsa. 'Yarsa tilo tana aikin jinya a wani gari mai nisa, tana ta neman hutu ba a ba ta ba. Burinsa littafin ya ci gaba har ta iso, don ya san abin da baki ba zai iya faɗa mata a waya ba. Shi ne ya ce tela ya zama hannunsa.

Tela kuwa watansa takwas kacal a ajin manya, da furfurarsa. Malamarsu ta ce kowa ya riƙa rubuta layi ɗaya kullum. Littafi huɗu ya fara, duk ya yayyage su. In ya tsallake rana guda sai ya ji ya ɓata komai, ya jefa littafin cikin buhun ƙyallaye.

"A nemo wani, Baba," ya ce, kansa a ƙasa. "Rubutuna kamar tonon kaji. 'Yarka mai ilimi ce, in ta gani me za ta ce?"

"Masu ilimin ba sa saurare, gyara mini magana suke yi. Karanta mini wadda ka ɗauko."

Tela ya kaɗe ƙurar, ya bi da yatsa a hankali. "Talata. Ta kira, ta yi dariya sau biyu." Ya tsaya. A ƙasa babu komai sai fili, sannan wani kwanan wata. Ya ƙirga a yatsu. "Baba, kwana sha tara ba ka rubuta ba!"

"Ci gaba."

"Na dawo. Sannu da zuwa, tsoho." Tela ya ɗago. "Kanka kake yi wa sannu da zuwa?"

"To wa zai yi mini, kai? Shekara talatin ina tuƙi, mota ta sha mace mini a hanya. Ban taɓa komawa tasha in faro tafiya daga farko ba. Inda ta tsaya, nan nake tayar da ita." Tari ya sarƙe shi, tela ya tallafo kansa ya ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Mayar mini da takarduna. Ai ɗinki sana'arka ce, ko shi ma sai an nemo wani?"

Tela ya zaro allurar da ke maƙale a wuyan rigarsa, ya haɗa takardun biyu a gurbinsu, ya bi su da baƙin zare ƙanana ƙanana. Kuskuren uku suna nan yadda suke.

Daga ranar, da hantsi sai ya kashe keken ɗinki ya shiga wurin tsohon. Ya zauna a kan kujerar roba, littafi a gwiwa, ya jira. Wani lokaci tsohon yakan yi shiru har tela ya zaci barci ne, sai kuma ya ce, "Rubuta: tsuntsu ya shigo ta taga, ya duba ni, bai ga abin ci ba ya fita." Da ɗinkin kayan makaranta ya taso masa ya yi kwana biyu bai leƙo ba. A na uku ya tsaya bakin ƙofa yana kame-kame.

"Shigo mana, ba tara zan ci ka ba. Bar fili, sa kwanan yau."

Ranar Laraba muryar ta yi ƙasa sosai, sai da tela ya matso da kunnensa. Tsohon ya faɗi jimla ɗaya, aka rubuta, sannan ya ce, "A'a, soke wannan, kada ta damu." Tela ya ja layi ɗaya siriri a kai, ya rubuta ta biyun a ƙasa.

Washegari da safe, yana buɗe shago, ya ji salati daga cikin gidan. 'Yar ta iso da yamma, an riga an kai shi makwancinsa.

Bayan kwana uku ta shigo shagon riƙe da littafin, idanunta sun kumbura. Tela ya miƙe har almakashi ya faɗi.

"Kawu, kai ka rubuta na ƙarshen nan?"

"Ni ne, 'yata. Ki yi haƙuri da hannun, ban daɗe da..."

"Ya ce in taho a hankali, babu gaggawa." Ta juyo masa da shafin, ta ɗora yatsa a kan layin da aka soke. "Amma ina iya karanta na ƙarƙashi. Ina marmarin ganinta ƙwarai." Ta ɗago ta dube shi. "Shekara arba'in, Kawu. Bai taɓa faɗa mini haka da bakinsa ba. Kullum sai dai, kin ci abinci? Kin duba mai a mota?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Tela ya jawo mata benci.

Can ta buɗe shafi na gaba. "Alhamis babu komai. Ka rubuta masa ita."

"Ke fa? Hannunki ya fi..."

"Kai kake nan."

Ya ture yadin da ke kan tebur gefe, ya zauna. Ta dafe masa gefen littafin don kada iskar fanka ta ɗaga shi. Ya sa kwanan wata, ya fara, a kalma ta biyu harafi ya kuɓuce masa. Ya dube shi jim kaɗan, ya ja masa layi, ya ci gaba.