Bakwai da Ba Su Gudu Ba

Jatau yana kakkaɓe fata ta huɗu a bakin zauren fada lokacin da inuwar Magaji Ishaƙu ta rufe shi. Shekara talatin da ɗaya yana shimfiɗa wa 'yan majalisar Ƙiryawa fatun zama, bai taɓa ganin Magaji ya iso da hantsi ba, balle shi kaɗai, ba mai riƙe masa sanda.

"Jatau, an tashi lahiya? Ina Zara'u? Ina ƙahwar nan taka?"

Jatau ya saki fatar da ke hannunsa. Mutumin da bai taɓa sanin kana da mata ba, yau har ya san sunanta. Ya durƙusa, gwiwar hagu ta yi ƙara kamar an karya kara.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"Yau za a yi maganar rijiyar Tanna. Sarki zai tambaye ka zaman shekarar mahara. Ka ce mun zamna mu bakwai, mun yi shawarar tsaron gari, mun watse. Rijiya ba ta shigo ba."

"Ranka shi daɗe, ai ta shigo."

"Ba ta shigo ba," in ji Magaji, cikin taushin murya. Ya dubi fatun da ke jingine da bango. "Salifu, ɗan ƙanwata, ya daɗe shina sha'awar aikin ga. Shi kuwa gwiwarshi ƙalau take."

Ya juya ya tafi, rigarsa na sharar ƙasa.

Ƙiryawa ƙaramin gari ne mai ganuwa tsakanin Tasawa da Mayahi, amma majalisarsa ba ta yarda ƙarama ce ba. Mutum bakwai ne: Magaji, Ubandawaki, Barde, Sarkin Noma, Sarkin Kasuwa, Sarkin Maƙera da Liman. Kowa da fatar ragonsa, kowace fata da wurinta, kuma ba a ba da ƙasa ko rijiya sai bakwai ɗin sun yarda. In ɗan majalisa ba ya nan, a shimfiɗa fatarsa, a tambaye ta kamar yadda ake tambayar mai ita, shirun da ta yi a ɗauke shi amincewa. Tun kakanni haka ake yi, kuma ba a taɓa samun fatar da ta kawo rigima ba. In kuwa gardama ta tashi a kan tsohon zama, ba 'yan majalisa ake tambaya ba, mai shimfiɗa ake tambaya, don shi ne yake tsugune a bakin ƙofa yana gani yana ji.

Zaman shekarar mahara kuwa ba wanda bai san shi ba. Maroƙa na kiransa kowace Juma'a: bakwai da ba su gudu ba. Yara na rera shi a dandali. Ubandawaki har ya kan share hawaye in an zo kan sunansa.

Abin da Jatau ya gani, shekara tara da suka wuce, ya ɗan sha bamban da waƙar. Wani falke ne ya shigo da gudu ya ce mahara na tafe daga gabas, dawaki ba iyaka. Kafin azahar Magaji ya tuna yana da gaisuwar mutuwa wajen Urafan. Ubandawaki ya fita duba hanya, ya duba ta har Mayahi. Barde ya bi shi don ya tsare shi. Sarkin Noma ya shige rumbu a gonarsa, Sarkin Kasuwa kuma ya cika wandonsa da iska ba tare da ya ɓata lokaci wajen neman dalili ba. Mutum biyu suka rage: Dodo, Sarkin Maƙera, wanda ƙafarsa ɗaya ta shanye, da tsohon Liman, wanda kurma ne, bai ji labarin ba sai bayan kwana uku.

Shi kansa Jatau ba jarumtaka ce ta tsayar da shi ba. Zara'u ce ke kan gwiwa, tana naƙudar Auta. Ya zauna a ƙofar ɗaki da tsohon mashin ubansa, yana jiran mutuwa. Sai ga Tanna, makiyayi daga mutanen arewa da ke zaune bayan gari, ya shigo da maza ashirin a kan raƙuma. Suka jera a ƙofar gabas, suka ɗaura riguna a kan sanduna bisa ganuwa don a ga kamar mutane. Mahara suka tsaya daga nesa, suka duba, suka ratse. Da la'asar Auta ta yi kukan farko.

Tsohon Sarki ya ce wa Tanna ya faɗi abin da yake so. Tanna ya ce wurin haƙa rijiya a fadamar da ke kan hanyar Issawan, tasa da ta jikokinsa. Sarki ya sa Jatau ya shimfiɗa fatu bakwai. Aka tambayi Dodo, ya ce ya yarda. Aka yi wa Liman ihu a kunne, ya gyaɗa kai. Aka bi sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi shiru irin na dattawa. Bayan kwana huɗu masu su suka dawo, suka tarar maroƙa sun riga sun ƙirga fatu bakwai sun yi waƙa, kuma ba wanda ya ga dalilin ɓata wa maroƙa aiki.

Yanzu tsohon Sarki ya rasu, Dodo da Liman sun bi shi, ƙanin Sarkin ne a kan gado. Damina biyu ba ta yi kyau ba, rijiyoyin gari sun ja baya, ta Tanna kuwa, mai gaba goma sha takwas, ba ta ƙafe ba. Shanun Magaji sun yi yawa, sai Magaji ya gano cewa fadamar ta kakansa ce.

Jatau ya gama shimfiɗa ya leƙa gida. Zara'u na tankaɗe. Ya gaya mata, ta saurara ba ta ɗago ba.

"To mi za ka ce?"

"Ban sani ba. Damin hatsi goma na hwada, da su muka ci. Kuma ubana ya yi aikin ga, kakana ya yi."

"Ni dai na san wa ya tsaya ƙohwar gabas," in ji ta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya fito yana jin haushinta, don ta faɗi abin da ba ya son ji. Tsoro yake ji ƙwarai, irin na ranar mashin nan.

Bayan azahar zaure ya cika. Bakwai suka hau fatunsu, biyar tsofaffi da magadan Dodo da Liman. Tanna ya zauna a ƙasa a tsakiya, rawaninsa ya koɗe, hannuwansa duk kanta saboda igiyar guga. Bai ko kalli Jatau ba, bai roƙe shi komai ba, wannan ya fi damun Jatau.

Magaji ya yi bayani mai tsawo. Ya ce ba ya ƙin baƙo, kowa ya san shi da son baƙi. Amma shi yana wurin a ranar, a kan wannan fata da yake kai, zuciyarsa kamar dutse, kuma bai ji an ambaci rijiya ba. Ubandawaki ya ce shi ma bai ji ba. Barde ya ce shi hankalinsa na kan yaƙi. Jatau ya lura cewa a nan dai ba wanda ya yi ƙarya, ba su ji ɗin ba.

Sarki ya juyo. "Mai shimhiɗa, kai ka riƙe zaman. An yi maganar rijiya ko ba a yi ba?"

Jatau ya matso a tsugune. Ya hangi Salifu a bayan Magaji, yana kallon fatun kamar mai tayin akuya.

"Ran Sarki shi daɗe, na tsuhwa, kaina ba shi riƙe magana a dunƙule. In an yarje mani, in bi ta yadda ubana ya koya mani, hwata bayan hwata. In hwaɗi wa ke bisa kowace, da inda ya kwana, da ranar da ya dawo... da dai abin da na gani."

"Bi ta haka," in ji Sarki. Shi lokacin yana Tasawa wajen karatu, waƙar kaɗai ya sani.

"Hwata ta hwarko ta Magaji ce. Da hantsi na shimhiɗa ta. Sai ga falke ya shigo. Magaji ya tashi tsaye, ya ce a ɗaura mashi sirdi, wai akwai wata gaisuwa wajen..."

"Dakata," in ji Magaji.

A waje, ta ƙofa, ana hango maroƙa uku a gindin bedi, sun miƙo wuya. Magaji ya dube su, ya dubi rufin zaure, ya shafa gemu kamar mai tono abu daga nesa.

"Rijiya," ya ce a hankali. "Kamar ina tuna wani abu. Wajen la'asar ne, ko?"

"Wajen la'asar, ranka shi daɗe."

"Lalle an yi ta. Hayaniyar yaƙi ce ta mantar da ni."

"Ni ma yanzu ta dawo mani," in ji Ubandawaki da sauri. "Har na ce a ba shi, ya cancanta."

Barde ya ce shi ne ma ya fara kawo shawarar. Sarkin Noma ya tuna har inda Tanna ya tsaya. Sarkin Kasuwa, da ya ga an bar shi a baya, ya ce shi ya nuna wurin da za a haƙa. Jatau bai taɓa ganin tunani ya sauko wa mutum biyar a lokaci ɗaya haka ba, ya yi ta mamakin ikon Allah.

Sarki ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce tunda bakwai sun yarda a wancan zama, rijiya ta Tanna ce da jikokinsa. Aka shafa fatiha.

Kafin a watse Magaji ya ce akwai 'yar magana. Majalisa ta ji da kunnenta mai shimfiɗa ya ce ya tsufa, kansa ba ya riƙe magana. Zalunci ne a ci gaba da wahalar da dattijo. A kan wannan bakwai ɗin suka yarda nan take, kowa da bakinsa, ba a ko buƙaci tambayar fata ba.

Jatau ya naɗe fatun da kansa, ya miƙa wa Salifu ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna masa ta Barde da ke son a shanya ta saboda ƙuma, da ta Magaji da ba a naɗe ta ta wajen wutsiya. Hannunsa ya ƙi sakin ta ƙarshe sai da Salifu ya ɗan ja. A waje maroƙa sun riga sun ɗauki bakwai da ba su gudu ba, Ubandawaki na neman bakin rigarsa don share hawaye.

Bai iya shiga gida ya fuskanci Zara'u ba tukuna. Ya bi hanyar Issawan yana ɗingishi, har ya ji kukan raƙuma da ƙarar guga. Tanna ya riga shi isowa. Ya ga Jatau, bai yi masa godiya ba, bai yi masa jaje ba. Ya shiga bukka ya fito da ƙwaryar nono da wata tsohuwar fatar rago, ya kakkaɓe ta sau biyu, ya shimfiɗa a inuwar ƙirya.

"Zamna, Malam Jatau."

Jatau ya tsaya yana kallonta. An shimfiɗa ta a karkace, wuyan na duban yamma, abin da da Salifu ne ya yi da ya sha faɗa. Ya sunkuya zai gyara, sai ya tuna ba wanda zai zo ya hau ta sai shi. Shekara talatin da ɗaya yana shimfiɗa fata, bai taɓa sanin yadda take a ƙarƙashin mutum ba.

Ya bar ta a karkacen, ya zauna, ya miƙe ƙafar hagu.

"Ashe da taushi," ya ce.