Karsanar da Yero Ya Bar wa 'Yan Mata

A Kumasi ba a kiwon saniya. Wannan ko yaron goye a Zango ya sani. Shanu suna saukowa daga arewa da ƙafarsu, su iso a rame, su sha ruwa, wuƙa ta bi wuyansu. Nan kurmi ne, ƙudan tsando ba ya ƙyale su, in ya cije su sai ciwon sammore ya shanye su a tsaye. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce yayana Ramalan bai sani ba. Ya sani sarai! Dillalin shanu ne, a gidansa masu koro shanu suke sauka, a gidan kuma nake zaune da 'yata Rakiatu tun rasuwar ubanta, ina dama koko tana kai mini talla.

Shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa, wani tsoho Bafillace mai suna Yero ya sauka wurinmu tare da 'ya'yan ƙanensa. Daga wajen Dori suka taso. Bai taɓa taka kurmi ba sai wannan karon. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, shi ne ya tattaro 'yan shanun da suka rage masa ya biyo yara, wai ya sayar ya nufi Makka. Duka an sayar, sai wata jar karsana ɗaya da ya raina da hannunsa, ga ta da ƙaramin ciki. Kullum in mahauta sun taya sai ya ce a bari sai gobe. Goben ba ta zo ba zazzaɓi ya kayar da shi a ɗakin baƙi, yaran suka ce za su koma su dawo, suka hau lori suka bar mana shi.

Ni na yi jinyarsa, Rakiatu ke miƙa masa koko. Yarinyar nan a lokacin ba ta fi shekara tara ba, kuma tana da wata ɗabi'a da ta sha jawo mata duka a hannuna. In ta ɗauki talla, maimakon ta miƙe tasha inda masu lodi suke, sai ta zagaya ta hanyar Manhyia, ta laɓe gindin tagar wata makarantar boko. Koko yana hucewa, ita tana can tana haddace abin da ake rera wa 'ya'yan Asantawa. Ta dawo gida tana wanke ƙore tana rerawa, da Turancinta na tsintuwa. In na daka mata tsawa ta yi shiru, in na juya baya ta ɗora daga inda ta tsaya.

Wata rana Yero ya tambaye ni, da gurguwar Hausarsa, "Safara'u, me ya sa ba ta shiga ciki?"

Na ce, "Baba Yero, da me? An ce makaranta kyauta ce, amma kyautar baka ce. Riga fa? Littattafai fa? In ta tafi wa zai ɗauki tallan da muke ci? A gidan nan maza ma da ƙyar Yaya ya yarda aka kai guda biyu, sai da malamai suka yi ta surutu."

Ya juya fuska bango.

Da ciwo ya yi tsanani ya sa aka kira Ramalan da Malam Hussein, limamin masallacin unguwarmu. Ina bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, da kunnena na ji. Ya ce kuɗin shanu a aika wa magadansa. Karsana kuwa wasiyya ce, ta 'yan matan gidan nan ce. Kada a sayar da ita, kada a sa mata wuƙa. Duk ɗan da ta haifa a sayar a kai yarinya makaranta, a fara da mai waƙar nan, in ta sake haihuwa a kai wata. Malam ya ce ba ta kai sulusin dukiyarsa ba, wasiyya ta inganta.

Allah sarki, Yero. A garinsu haka ake yi. In kana son mutum ya tsaya da ƙafarsa har jikokinsa, karsana kake ba shi. Bai san ƙasar da yake kwance a kanta ba. Na ga bakin Ramalan ya motsa zai yi magana, sai tsohon ya kamo hannunsa ya ce, "Ka ɗauka?" Yaya ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Na ɗauka." Washegari da hantsi muka rasa Yero.

Bayan sadakar bakwai Garuba mahauci ya zo. Ya zagaya karsanar, ya shafa tozonta, ya yi tayi mai kyau, wallahi tayin da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, don ya ji labarin wasiyyar kuma shi ma uban 'ya'ya mata ne. Abin da zai bayar ya isa a ɗinka riga, a sayi littattafai, in sami yarinyar da za ta riƙa ɗaukar mini talla har Rakiatu ta gama ƙaramar makaranta. Na bi Ramalan har zaure.

"Yaya, ka sayar. Ka fi ni sanin abin da ƙasar nan take yi wa shanu."

"Ba ki ji abin da ya ce ba?"

"Na ji. Karatu yake so, ba saniya ba."

"Hannuna yana cikin nasa, Safara'u. Alkawari kaya ne. Da wane ido zan dube shi ranar gobe?"

"Da wane ido za ka dubi Rakiatu yau?"

Ya ce in fita masa daga zaure. Na fita, na nufi wurin Malam Hussein. Malam ya zo da kansa ya ce wa Yaya abin dubawa shi ne manufar mamaci, in ana tsoron asara babu laifi a sayar a cika manufar. Ramalan ya saurara da ladabi, ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ɗauko gatari ya fara kafa rumfa a bayan gida. Wani ya ce a mayar da karsanar arewa. Wa zai kora? Masu koro shanu a lori suke komawa, kuma mai ciki ba za ta kai ko rabin hanya ba. Yaya ya ce ta haihu tukuna, in ya so a san abin yi.

Haka muka zama abin kallo a Zango. Yara suna leƙen katanga suna ihu, "Gidan saniya!" Wata Ba'asantiya mai sayar da rogo a bakin layinmu kullum sai ta tambaye ni, tana dariya, ko baƙuwarmu ta tashi lafiya. Ramalan bai kula ba. Ya rufe rumfar da buhuna, safe da yamma ana turara hayaƙi don korar ƙuda, ya sayo kanwa, ya sayo dusa, duk mai maganin da ya ratsa Zango sai ya tsayar da shi. Abin da ya kashe wa dabbar nan, na rantse ya isa ya ɗinka wa yarinya riga biyu. Na faɗa masa haka. Ya ce shi ba don boko yake yi ba, don Yero yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai Rakiatu ce. Ta sa wa karsanar suna Malama. Tana sauke talla za ta ɗauki lauje ta gangara fadama ta yanko ciyawa, ta dawo ƙafafu duk taɓo. Ta zauna cikin hayaƙin nan ido yana hawaye, ta ɗora kunne a cikin saniyar, ta yi ta rera mata karatun taga. 'Yan matan gidan, Kulu da Azaratu, har layi suka tsara: ɗan fari na Rakiatu, na biyu na Kulu, Azaratu ta yi haƙuri. Ta ce mini, "Mma, in Malama ta haihu, ta ƙofa zan shiga makarantar, ko?" Na ce in Allah ya so. Me zan ce mata?

Da ruwa ya kankama sai abin ya fara. Gashin nan ja mai sheƙi ya dushe ya miƙe. Hawaye ba ya tsayawa a idonta. Tana ci, amma haƙarƙari sai fitowa yake, cikin kaɗai ke gaba. Garuba ya sake zuwa, tayinsa ya ragu, ya ce shi ma ba don riba ba. Na durƙusa wa Ramalan, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara. Na ce da babu gara ba daɗi, ya karɓi wannan ɗin. Ya ce saura kaɗan ta haihu. Na tashi na zage shi tas a gaban matarsa, na ce taurin kansa ya fi na jaki, na ce mamaci ya fi masa mai rai daraja. Na ga shi ma ya rame, amma ban ji tausayinsa ba, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba.

Wata Talata da safe ta zubar da cikin. Ɗan maraƙi namiji, an gama halittarsa har da kofato. Ramalan ya naɗe shi a buhu ya fita da shi kafin Rakiatu ta dawo daga talla, amma ina! Ta shiga rumfa ta ga cikin ya faɗa, ta fito ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Za ta sake wani, ko Mma?" Ta ɗauki laujenta ta tafi fadama.

Daga ranar Malama ba ta ƙara tsayuwa da kyau ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ta kwanta ta miƙe wuya, numfashi yana fita da ƙyar. Na aika a guje aka kira Garuba. Ya duba ya ce in za a yanka a yanka yanzu, naman ba na kirki ba ne amma zai karɓa, ko kuɗin riga da allo a samu. In ta cika da kanta mushe ce, ko kare sai ya ga dama. Ya miƙa wa Ramalan wuƙa, don shi ba zai yanka dabbar wani ba da izini ba.

Yaya ya tsaya da wuƙar a hannu. Na ce, "Yaya, don girman Allah." Ya ce, "Yero, ka yafe mini," ya durƙusa ya juya kanta gabas.

Sai ga Rakiatu da damin ciyawa a ka. Ta watsar, ta faɗa kan wuyan saniyar ta ƙanƙame. "Kawu, ka yi alkawari! Baba Yero ya ce kada a sa mata wuƙa! Kawu, za ta warke!" Na kama ta ina ja, ta sa yatsu ta riƙe igiyar wuyan gam. Ban san yarinya tana da ƙarfi haka ba. Na mare ta, na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ihu tana kiran Malama. Kafin in raba su Garuba ya dafa kafaɗar Ramalan ya ce, "Bari, maigida. Ta riga ka."

Da igiya aka ja ta zuwa bayan gari aka binne. Ko fatar Ramalan bai bari an feɗe ba. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce baɗi in kasuwa ta yi kyau shi zai kai yarinyar da kuɗinsa. Na ce Allah ya kai mu. Kasuwa ba ta yi kyau ba, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar a gidan.

Washegarin ranar da aka binne ta na dama koko kamar kullum, don ciki bai san an yi rashi ba. Rakiatu ta wanke ƙore, ba waƙa, shatin yatsuna yana nan a kumatunta. Na ɗora mata talla. Zuciyata ta karye, na ce, "Ki bi ta Manhyia in kina so, ko ya huce ba zan yi faɗa ba."

Ta gyara gammonta ta ce, "A'a, Mma. A tasha an fi saye."

Na tsaya a ƙofar gida ina kallonta har ta kai mararraba. Ba ta ko waiwayi hanyar makarantar ba, ta miƙe tasha. Rana ba ta yi zafi ba ta dawo, ta sayar duka.