Maganin Asma a Cikin Durowa

Minti arba'in da fara jarrabawa Doguwa ta ji numfashin ƙawarta Auta ya canja. Shekara uku suna kwana ɗaki ɗaya, ta san wannan ƙarar, kamar ana busa usur ɗin da ya toshe. Ta waiwaya. Auta ta dafe ƙirji, bironta ya faɗi ƙasa.

Maganin da take shaƙa kuwa yana cikin durowar malamin da ke sa ido. Tun a bakin ƙofa ya karɓe shi, wai akwai rubutu a jikinsa, kuma doka ta hana shiga da duk abu mai rubutu.

"Malam, asmarta ce ta tashi," in ji Doguwa. "A ba ta maganinta."

Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Mun saba gani. Da tambaya ta yi zafi sai a kama ciwo. Duk wadda ta bar kujerarta, ta gama jarrabawa ke nan."

Ɗalibai ɗari biyu, kowa ya duƙufa kamar ba shi da kunne. Doguwa ta dubi takardarta. Wannan kwas ɗin ne ya kayar da ita bara, in ta sake faɗuwa sai ta ƙara shekara guda. Ta dubi Auta, leɓunanta sun fara yin duhu.

Ta miƙe. Kafin ta isa teburin, malam ya ɗora hannu a kan durowar.

"Malam, da girmanka. Ɗauke hannun, ko in ja har da shi."

Ya ɗauke.

Ta ja durowar ta ɗauko maganin, ta dawo ta zaunar da Auta a miƙe, ta girgiza shi, ta sa mata a baki. "Ja a hankali, 'yar uwa. Riƙe. Yawwa, sake ja." Ta nuna wani ƙato a layin gaba. "Kai mai jar riga, ruga asibitin makaranta, su kawo mota!"

Ƙaton ya kalli malam.

"Shi kake kallo? Shi ne likitan?"

Ya kwasa da gudu.

Sai da ƙirjin Auta ya fara saki sannan malam ya ɗauki takardar Doguwa, ya zaro jan biro. "Za ki yi bayani a gaban kwamiti."

"Ka rubuta lambata da kyau, Malam, kada su kira wata," in ji ta, tana tallafe da kan ƙawarta. "Ni ma ina da abin da zan faɗa musu."