Rabon Mai Tanderu

A bugu na uku bulon tanderun ya fashe, sai gishiri ya zubo a kan takalmin Grover mai gyara, haɗe da fasassun kwalabe.

"Kai! Mama, wa ya gina wannan tanderun? Gishirin nan ai ya ishi unguwa miyar shekara."

"Maigidana," in ji Fortunata.

Tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta cikin mayafin ulu. Ta san gishirin. Ita ta goyo shi daga kasuwa, buhu huɗu, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, lokacin da suka baro ƙauye suka zo birnin El Alto. Mijinta Zenobio ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin daɓen don ya riƙe zafi. Tun daga ranar tanderun bai taɓa hucewa ba, sai kwana uku da suka wuce, da Grover ya ce ba zai sa bututun gas a tanderu mai ɗumi ba.

Tari ne ya kashe Zenobio a watan Maris. A watan Agusta likita ya saurari ƙirjin Fortunata, ya ce hayaƙin da ya cinye mijin ya fara lasar matar. 'Yarsu Nélida, da ke ɗinki a Buenos Aires, ita ta kira Grover a waya ta ce a mai da tanderun na gas.

Yau kuma jajibirin bikin mamata. Gobe da tsakar rana mamata za su zo gida su ci burodinsu, kuma wannan ne zuwan Zenobio na farko.

Grover ya zura kai cikin tanderun da tocila.

"Kusurwar nan ta hagu ta yi baƙi ƙirin. Tana ƙona burodi, ko?"

"Kullum."

"To daga yau an daina. Wutar gas ba ta son kai, ko'ina daidai take bi."

Duk burodin da ya faɗa kusurwar nan da kunci ɗaya a ƙone yake fitowa, ba mai saye. Zenobio ne ke cinye shi a tsaye, da kofin shayi, yana cewa wannan rabon mai tanderu ne. Da tafiya ta yi tafiya, ko an ba shi mai kyau sai ya ce ba shi da ɗanɗano.

Maƙwabciyarta Asunta ta shigo da faranti a lulluɓe, tana haki.

"Har yanzu? Fortu, ƙullun mutane na ta kumbura a tsakar gida, shi kuwa wannan yana ƙwanƙwasa kamar mai neman aure."

"Kaka, da kin amsa mini da tuni na daina ƙwanƙwasawa," in ji Grover daga cikin tanderun.

"Ji ɗan banza! Ba ranar Litinin ka ce za ka zo ba?"

"Litinin na ce, ban ce wacce ba."

Asunta ta yi tsaki ta ajiye farantin. Sannan ta matso kusa da Fortunata ta rage murya, amma ba yadda mai gyaran ba zai ji ba.

"Ni abin da ke damuna ɗaya ne. Mamaci ba ya karanta lambar gida, hayaƙin gidansa yake bi. Balle sabon mamaci, wanda bai taɓa yin hanyar ba."

"Ai gas ba shi da hayaƙi, Kaka. Amfaninsa ke nan," Grover ya faɗa da fara'a.

Ya fito da kai ya dubi matan biyu, sai ya koma ya ci gaba da ɗaure bututunsa.

Fortunata ta zagaya bayan ɗakin. Sauran itacen turaren da Zenobio ya faskara yana nan a jere, gatarin a kafe cikin kututture yadda ya bar shi. Hularsa na rataye a ƙusa. Ta lissafa a ranta: in ta ce wa Grover ya kwashe kayansa yanzu, itacen zai isa gashin yau. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ƙamshin ya daki hancinta. Sai ta ji tarin, busasshe, sau uku a jere, irin wanda yake yi kafin ya buɗe ƙofar tanderu. Ta juya da sauri. Babu kowa, sai kyanwar da ta daina kwana a kan tanderun tun da ya huce. Sai da ta dafa bango ta gane daga ƙirjinta tarin ke fitowa.

Ta mayar da itacen inda yake.

Da ta dawo, Grover ya riga ya kafa bakin wutar, wani baƙin ƙarfe mai kama da bakin bindiga, yana kallon cikin tanderun. Yana bin mahaɗin bututun da kumfar sabulu, yana duban ko za ta yi ƙwai, alamar yoyon gas. Ba ta yi ba.

Asunta ta zaro 'yar kwalbar barasa daga cikin zanenta ta nufi ƙarfen.

"Kaka! Me za ki yi?"

"Sabon abu ya shigo gida, ba za a ba ƙasa rabonta ba?"

"A ba ta, amma ba a kan gas ba! So kike mu haɗu da mamatan a hanya?"

Aka daidaita a kan ƙasa. Fortunata ta ɗiga barasar a kusurwa huɗu na tanderun, ta ajiye ganyen koka uku, irin wanda suke taunawa, a kan gishirin da ya zube. Grover ma ya cire hularsa. Sannan ya murɗa makunnin ya kai wuta. Wani shuɗin harshe ya miƙe ciki yana gurnani.

Ta fita tsakar gida ta ɗaga kai. Bututun hayaƙin na tsaye babu hayaƙi, kamar na gidan da aka ƙaurace wa.

Sai da rana ta karkata bulon ya ɗauki zafi. Ta watsa ɗan gari a daɓen, ya yi ja, ta fara lodi da dogon cebur na katako. Na maƙwabta ta fara: tsani na burodi da mamata za su sauko da shi, dawakan da za su ɗaukar musu kaya, da 'yan mutane masu fuskar farar ƙasa. Kowane zubi tana barin kusurwar hagu babu komai. Hannunta ya saba, ba a sa burodin mutane a can.

"Mama, ɓarnar wuri kike yi," in ji Grover, wanda ya tsaya ya ga gashin farko. "Na ce miki an daina."

Burodi ya yi ta fitowa ja sumul, kowanne kamar ɗan'uwansa. Matan unguwa suna ta yabo suna kwasa a kwanduna. Ita kam kallonsa take kamar burodin kanti. Ɗakin babu ƙauri, babu toka, idonta ko yaji bai yi ba, amma hawaye na neman zubowa.

Nata ne na ƙarshe. Da asuba ta murza shi: mutum mai faɗin kafaɗa irin na Zenobio, da gashin baki na ƙullu da 'yar hula. Daɓen ya cika da tsani da doki da sauran tarkace, babu wuri sai kusurwar. Ta tsaya da cebur a hannu.

"Sa shi can, ni na tsaya miki," in ji Grover.

Ta tura shi, ta rufe ƙofa.

Asunta ce ta fara ɗaga hanci.

"Fortu, kin ji?"

Ta ji. Ta buɗe ƙofar ta jawo shi a hankali. Jikinsa duk ya yi ja mai kyau, hular ma haka, amma kuncin hagu, daga gefen fuskar har kafaɗa, ya ƙone baƙi. Ɗan siririn hayaƙi na tashi daga gare shi. Ƙaurin ya cika ɗakin, ya bi ƙofa ya fita titi.

Asunta ta yi alamar gicciye, bakinta na motsi.

Grover ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi. Ya sake haska ciki, ya duba makunnin.

"Ba laifin wutata ba ne, Mama. Daga ƙasa ne. Ina jin marigayi ya zuba gishiri da yawa a wurin, ko daɓen ya yi siriri. Ki yi haƙuri. Jibi zan dawo in tone kusurwar in gyara miki, aikin awa ɗaya ne."

Fortunata ta naɗe burodin a gefen mayafinta. Zafinsa na ratsa ulun har ƙirjinta.

"Kada ka taɓa ta, ɗana."

"To ai za ta ci gaba da ƙona..."

"Na sani."

Ta wuce ɗaki, inda ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan teburin tarbar mamata. Ta matsar da lemo da rake, ta jingina shi a tsakiya, kuncin da ya ƙone na fuskantar ƙofa. Sannan ta ɗauko kofin shayin Zenobio daga kan kanta ta wanke.