Hannun da Ya Saba da Ƙofa

Da kamfanin iskar gas ya sanar cewa zai koya wa 'yan gari waldar bututu, Mai Walda bai ɗauka da shi ake ba a matsayin ɗalibi. A zatonsa malami za a neme shi ya zama. Rabin ƙofofin ƙarfen unguwar daga rumfarsa suka fito, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya a taron da aka yi da kamfanin, yana cewa an gaji da ba 'yan gari gadi da haƙar rami alhali ana kwaso masu walda daga nesa. To, ga shi an amsa kira. Duk wanda ya ci jarrabawa za a ɗauke shi aikin shimfiɗa layin bututun gas ɗin, kuma dama biyu ce kowa zai samu.

Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne ganin Auta, ƙanen matarsa, zaune a benci ɗaya da shi. Auta direban tasi ne da motarsa ta mutu, ko sandar walda bai taɓa riƙewa ba.

"Kai kuma me ya kawo ka? Nan ba a juya sitiyari," in ji Mai Walda.

"Na zo in riƙe maka jaka ne, Yaya," in ji Auta, yana dariya.

Malamar da ke koyarwa ba ta da yawan magana. Ta nuna musu yadda ake haɗa bakin bututu biyu: hannu ya tafi a hankali ba tsayawa, narkakken ƙarfe ya ratsa har ciki. Mai Walda ya saurara da kunne ɗaya. Shi da ya yi furfura a sana'a, yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yar cikinsa ba za ta gaya masa yadda ake riƙe sanda?

Sai dai ƙarfen ƙofa siriri ne. Mai ƙofa ɗigawa yake yi ya ɗaga, ya ɗiga ya ɗaga, don kar wuta ta huda ƙarfen, daga baya ya gurje ya shafe da fenti. Haka hannun Mai Walda ya tashi, haka kuma ya yi wa bututun jarrabawar farko. Ya gurje shi har yana ƙyalli, 'yan aji suka taru suna yabawa. Na Auta kuwa duk tudu da kwari, ba kyan gani.

Kamfanin ba ido yake tambaya ba. Hoton cikin waldar ake ɗauka, irin wanda ake yi wa ƙashi a asibiti. Malama ta kira Mai Walda gefe, ta ɗaga hoton a hasken taga. Duk inda hannunsa ya ɗaga, ga ɗigon baƙi.

"Baba, waɗannan ramuka ne. Ta nan gas zai nemi hanya. Kyan ɗan maciji gare ta."

Auta ya ci, Mai Walda ya faɗi. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana yaron shago. A gida ya ce injinsu ne ba shi da kyau. Matarsa ta ci gaba da ninke kaya, ta ce, "Ai kuwa injin ya san Auta."

Ya rufe rumfa ya duƙufa. Yana riga kowa zuwa, yana ƙona sanda har idonsa ya yi ja. Ya kai ga tambayar Auta yadda yake yi, Auta ya ce shi dai abin da aka ce ya yi yake yi, don bai san wani ba. Wannan amsa ta fi zagi ciwo.

Ranar jarrabawa ta biyu ya fara lafiya. Ya zagayo gefen bututun, ya kwanta ƙarƙashinsa inda tartsatsi ke zubo wa mutum a wuya. A nan hannun ya yi halinsa, ya ɗaga, ƙiftawar ido kawai. Ba wanda ya gani. Yana iya bi ta kai ya rufe, ya bar wa hoto, wataƙila ramin ya yi ƙanƙanta ya wuce. Ya tsaya yana kallon wurin ta cikin baƙin gilashi. Ya san akwai rami kamar yadda mutum ya san tsakuwa a takalminsa. Ya kashe wuta.

"Malama, na ɗaga. Sai na gurje na sake."

Ta dubi agogo. "Lokaci ba zai kai ka ba, Baba."

"Na sani."

Bai kai shi ɗin ba. Da yamma ta same shi yana naɗe waya, ta ce gurbin mai walda ya wuce shi a wannan zagaye, amma kowane mai walda yana bukatar mataimaki, mai gurza da miƙa sanda. In ya yarda, zai iya sake jarrabawa in an buɗe wani ajin. Gurbin mataimaki ɗaya ya rage, na taimaka wa Auta.

Ya ƙarasa naɗe wayar ya tafi gida. Matarsa ba ta tsokane shi ba, wannan ma ya dame shi.

Ranar da aka fara aiki, Auta ya iso bakin ramin bututu ya tarar da mijin yayarsa sanye da hular kwano, ya riga ya jera sanduna, ya goge bakin ƙarfen tas. Duk barkwancin Auta ya gudu. Ya sunkuya da sauri zai ɗauki wayar injin.

"Yaya, bari in ja wannan, tana da nauyi."

"Ajiye, aikina ne," in ji Mai Walda. Ya karɓe wayar ya saɓa a kafaɗa, ya miƙa masa sanda. "Kai dai shiga ka yi, ina nan ina kallon hannunka."