Hannun Magini

Shekara ashirin da shida Magini yana ɗora bulo, tsayin bene bai taɓa kaɗa masa ciki ba, amma wai kwamfutar hannu, 'yar abu kamar faranti, ita ta sa shi zufa. Abin haushi!

Kamfanin da yake wa aiki ne ya ce zai ba shi shugabancin ma'aikata, in har zai iya tura rahoto da Turanci ta wannan na'ura. Abin da ya kai shi ajin manya na ranar Asabar ke nan. Turancin kam yana shiga, ko da da ƙyar ne. Sai Malama ta ce kowa zai haɗa labarinsa na minti ɗaya, hotuna biyar da muryarsa a kai, kuma da hannunsa, ban da aron hannu. Wanda bai yi ba, babu takardar shaida.

Kowa ya shafa gilashin kwamfutarsa, hotuna suka taso. Magini ya shafa, shiru. Ya danna, shiru. Ya ƙara dannawa har tebur ya gusa.

"Baba, a hankali, ba kwaɓin siminti ba ne," in ji wani direba da ke gefensa. Aji ya kwashe da dariya.

Wallahi ya ji kunya, har ya fara raya wa kansa cewa na'urar ma ta san bai yi boko ba. Amma da aka tashi, ya ƙi tashi.

"Malama, bar min ita. Yau ko ni ko ita."

Malama, sa'ar 'yarsa, ta mayar da jakarta ta zauna. "To Baba, ina nan."

Ya ga gilashin ya yi dabbare-dabbare da shatin yatsu, shi kuwa ba ya barin aiki da ƙazanta. Ya sa bayan hannu ya share. Kawai sai hotuna suka zura a guje! Ya tsaya cak, ya juya tafinsa ya duba. Siminti ya cinye kan yatsun, sun yi kanta, sun bushe ƙamas. Ashe na'urar ba ta ma san yana taɓa ta ba.

"Au, dama ba kaina ba ne?"

"Ba kanka ba ne, Baba."

Ya lanƙwasa ƙaramin yatsa, ya ci gaba da taɓa gilashin da gaɓarsa. Ya jera hotunan wani gini tun daga tushe har rufi. Sau bakwai yana ɗaukar murya. A na takwas ya yi tuntuɓe sau biyu, ya ce a bar shi haka, ai ana ganewa.

Ya samu takardar, ya samu muƙamin. Ran Litinin ta farko ya tsaya cikin rana a bakin gini, yana ƙwanƙwasa gilashi da gaɓar yatsa, harafi bayan harafi. Kafin ya ambaci bulo ko yashi, a layin farko ya rubuta cewa mutanensa goma sha takwas ne, kuma babu mai safar hannu ko ɗaya.